Sunayen da Na Hana Manaja

A farkon shekarun tamanin ina ajin kusa da ƙarshe a wata jami'a ta Kudu, ina karatun awon gani, wanda a Turance ake kira optometiri. A gidanmu ba wanda ya taɓa faɗin sunan daidai. Mahaifiyata takan gaya wa maƙwabta cewa likitan ido nake karantawa, na yi ta gyara mata har na gaji na bari. Mahaifina malami ne, a zaure yake ba da karatu, kuma ba ya son a bar magana a dunƙule. Wata rana ya ce in zauna in rarrabe masa. Na ce likitan ido shi ke yi wa ido aiki, shi ke maganin manyan cututtukansa. Mu kuwa gani muke aunawa, mu gano abin da ya rage shi, mu rubuta gilashin da ya dace da mutum, in kuma muka hango cuta mu tura shi wurin likita tun ba ta ci idon ba. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni wace hukuma ce ke ba mu izinin wannan aiki. Na ce babu tukuna. Ya ce to ke nan babu mai hana wani ma ya yi da sunanmu.

Gaskiya ya faɗa. A lokacin duk wanda ya ga dama yana iya kama shago ya rataya allo ya ce shi mai gwajin ido ne. A kasuwa ana baza tabarau a kan tire, mutum ya yi ta ɗauka yana gwadawa da guntun jarida har ya dace da wanda ya yi masa dama-dama. Mu da muke karatun ma, in mun gama gwamnati ba ta san matakin da za ta ajiye mu a kai ba. Malamanmu da waɗanda suka riga mu fita sun daɗe suna neman a yi dokar da za ta san da zaman sana'ar, ta kafa hukumar rajista, ta faɗi abin da muke da ikon yi da inda za mu tsaya. Mu ɗalibai sai dai mu ji ana ta zuwa Legas ana dawowa.

Ana gab da dogon hutu ƙungiyarmu ta ɗalibai ta yi taro, aka yanke cewa mu ma za mu rubuta tamu takardar. Kowa ya koma garinsu ya duba abin da rashin dokar ke jawo wa mutane, ya dawo da shi a rubuce. Ni kaɗai ne Bakano a ajinmu, don haka aka ce in shiga masana'antu. Wani malaminmu ya ba ni aron akwatin gilasan gwaji, da allon gwaji, da 'yar tocilar da ake leƙa cikin ido da ita. Sharaɗinsa ɗaya: kada in taɓa idon kowa sai na sami likitan da zai tsaya mini, wanda zan riƙa tura wa marasa lafiya. Da na iso Kano na sami wata likitar ido a asibitin gwamnati, dattijuwa marar yawan magana. Ta sa na duba mutum uku a gabanta, ta karanta abin da na rubuta, ta ce in je, amma kowace Asabar in kawo mata littafina ta gani.

Na fara da Sharada. Kwana huɗu ina sauka daga motar kiya-kiya da akwati a hannu, ina bin ƙofofin kamfanoni, masu gadi suna karɓar wasiƙata su shiga da ita su dawo su ce manaja ba ya nan. A Challawa wani kamfanin fata ya bar ni na wuni ɗaya. Tun daga titi warin jima ke tarar mutum. Na ga ma'aikata suna tsamo fatu daga ramukan ruwan magani, ruwan yana fallatsa, ba mai komai a fuska. Wani mutumin Nijar ya nuna mini idonsa na hagu da ya yi fari fat tun shekarar da ya fara aiki. Ya ce ranar da ruwan ya shiga idon, abokansa madara suka ɗiga masa suka ɗaure da tsumma. Iyakar abin da na iya yi a wurin shi ne na tara su a bakin famfo na nuna musu yadda ake buɗe ido a yi ta kwarara masa ruwa, ba ƙaƙƙautawa, kafin a nufi asibiti. Da yamma aka ce mini ba sai na dawo gobe ba.

Ƙanin mahaifiyata ne ya buɗe mini ƙofa a Bompai. Kawu heluma ne a wata masaƙa, ya shekara goma sha wani abu yana kula da masu aikin safe. Shi ya kai ni wurin manajan ma'aikata, wani Bakano ɗan boko mai fara'a, wanda ya karanta wasiƙar malamina a tsaye ya ce ai wannan alheri ne. Ya ba ni wani ɗaki a jikin ɗakin shan magani na kamfanin. Ɗakin bai kai tsawon da ake bukata tsakanin mai gwaji da allo ba, sai na kafa allon a bango, na ajiye kujera a waje kan baranda, mutum ya zauna ya leƙo ta ƙofa. Yawancin ma'aikatan ba su yi boko ba, ko da yake da dama suna karanta ajami sarai. Allona kuwa harafi ɗaya ne a kansa mai yatsu uku, wani ya kalli sama, wani ƙasa, wani dama, wani hagu, yana ƙara ƙanƙanta in aka gangaro. Mutum zai nuna da hannunsa inda yatsun suka fuskanta.

Na shirya komai, amma ba wanda ya zo. Jiniya ta busa, masu aikin safe suka fito, suka ɗauki kekunansu, suka bi ta gaban barandata suna kallon ƙasa. Haka aka yi kwana biyu. A rana ta uku Kawu ya ja ni wajen masu sayar da shinkafa da wake a bakin ƙofa, ya gaya mini abin da ban sani ba. Kayan aiki sun yi wuyar shigowa daga waje, wasu injina sun tsaya, ana ta raɗe-raɗin za a rage ma'aikata. Mutane sun ɗauka kamfani ne ya kawo ni in tace masu raunin ido a sallame su.

Na roƙi Kawu ya haɗa ni da shugaban ƙungiyar ma'aikata. Muka tsaya a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya lokacin da ake canjin aiki, mutane suka taru. Na gaya musu ko ni wane ne, da gidan da na fito, da abin da ya kawo ni. Na ce abin da na gani a idon mutum tsakanina da shi ne, da likitar da zan tura shi wurinta in da bukata. Ba manaja, ba heluma, ko da kawuna ne. Shugaban ƙungiya ya ce in sake faɗa da ƙarfi na baya su ji. Na sake faɗa. Na faɗe shi da gaba gaɗi, domin abin da aka koya mana a aji ke nan, kuma ban taɓa tunanin wani zai nemi in saɓa ba.

Wanda ya fara zama a kujerata wani dattijo ne mai duba yadi. Aikinsa ya tsaya gaban teburi mai fitila, yadi yana wucewa, in ya ga inda zare ya tsinke ko launi ya ɓaci ya sa alli. Ya ce shekara uku ke nan yana ja da baya daga teburin, har ya koma da yatsu yake laluben aibin, kuma kullum yana fargabar ranar da za a gane. Ganinsa na nesa lafiya lau. Na kusa ne ya ja, irin wanda ke samun kowa in shekaru suka tura. Na sa masa gilasan gwaji, na miƙa masa ƙyalle. Ya daɗe yana kallonsa, sai ya ajiye ya ɗago hannun rigarsa yana bin ɗinkin da ido, ya ce ashe telan nan ha'intarsa ya yi. Waɗanda suka tsaya daga nesa suna kallo suka fashe da dariya. Washegari sai da Kawu ya sa aka yi layi.

Mako uku na yi ina aiki daga safe har la'asar. Na ga masu walda da ke kwana da raɗaɗin ido, da masu aikin ɗakin auduga da idanunsu ba sa rabuwa da ja, da waɗanda suka sayi tabarau a kasuwa yana sa musu ciwon kai suna ɗauka maye ne ko iska. Wanda ke bukatar gilashi na rubuta masa, wanda ke bukatar asibiti na ba shi takarda. Ranar Asabar likita ta duba littafina, ta ja layi a inda na yi gaggawa, ta mayar mini.

A mako na uku wani direba ya zo. Shi ke tuƙa ƙaramar motar nan mai ƙaho biyu da ke ɗaga dilolin yadi daga masaƙa zuwa sito. Mutumin wajen Ringim ne, dogo, mai kimanin shekara hamsin, yana zaune a Dakata da iyalinsa. Ya ce shi ba abin da ke damunsa, ya zo ne don a daina cewa tsoro yake ji. Ya karanta allon har layin ƙasa, wanda samari da yawa suka kasa, ya miƙe zai tafi. Na ce ya dakata in leƙa ciki. Da na haska, sai na ga jijiyar idon ta yi rami mai zurfi, dama da hagu. Na zauna gabansa, na sa ya rufe ido ɗaya ya kalli hancina, na miƙa hannu gefe ina motsa yatsa ina matso da shi a hankali, na ce ya faɗa mini in ya gani. Bai gani ba sai da yatsan ya kusa zuwa gaban fuskata. Na sake ta ɗaya gefen, haka. Hawan jinin ido ne, ya cinye masa ganin gefe ya bar masa na tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin bututu.

Na tambaye shi ko yana yawan tuntuɓe. Ya ce matarsa na mitar yana yawan kifar da buta a tsakar gida, kuma maƙwabta sun fara cewa ya yi girman kai, ana gaishe shi daga gefe ba ya waiwaye. Da na ƙara matsawa ya ce watan jiya ya goga wa wani ginshiƙi mota a sito, amma ba wanda ya gani. Na yi masa bayani yadda zan iya, cewa abin da ya tafi ba ya dawowa, amma in ya fara magani ana iya tsare abin da ya rage. Na ba shi takardar asibiti. Sannan na ce masa bai kamata ya ci gaba da tuƙa motar nan a tsakanin mutane ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tuna mini abin da na faɗa a ƙarƙashin darbejiya, ya fita.

Kwana biyu bayan haka manaja ya aiko a kira ni. Ya sa aka kawo mini lemo, ya yaba aikina, ya ce zai rubuta wa jami'armu wasiƙar godiya. Sai ya ce in kawo masa jerin sunayen waɗanda na duba da abin da na samu a idon kowa, don a sa a fayil. Na ce zan rubuta masa rahoto a kan abin da ɗakunan aiki ke bukata, kamar tabaran kariya ga masu walda da ƙarin haske a teburin duba yadi, amma ba suna a ciki. Fuskarsa ta canza. Ya ce a ɗakin kamfani na yi aikin, a lokacin kamfani, a kan ma'aikatan kamfani.

"Wace doka ce ta hana ka ba ni?" in ji shi. "Kai ba likita ba ne. Sana'ar taka ma ba ta cikin littafin gwamnati."

Na ce, "Yallaɓai, gaskiyarku, babu dokar da ta hana ni. Alkawari na yi musu a gaban jama'a, kuma a kansa suka zauna mini."

Ba mugun mutum ba ne. Daga baya na gane masu kamfanin ne suka matsa masa ya kawo sunayen da za a sallama, shi kuma yana neman ma'aunin da zai fake da shi don kada a ce ya yi son kai. Amma a ranar ya ce in kwashe kayana, kuma littafin ya zauna a ofishinsa tunda a harabarsu aka rubuta shi. Na ce littafin yana gida. Ƙarya na yi, yana cikin akwatin da ke hannuna, ƙarƙashin gilasai. Na fita ta gaban masu gadi, ban tsaya ko'ina ba sai asibiti.

Likita ta saurare ni tana wanke hannu. Ta karɓi littafin ta sa a durowarta ta kulle. Ta zauna ta rubuta wa manaja layi huɗu: cewa ɗalibin nan a ƙarƙashinta ya yi aiki, waɗanda ya duba marasa lafiyarta ne, bayanansu na asibiti ne, ba ta da ikon bai wa kowa. Ta sa hannu ta buga hatimi. Daga ranar manaja bai sake tambaya ba. Na ji daɗi, amma abin ya tsaya mini a rai. Maganar da na faɗa ita ta faɗa, ba ta ƙara komai ba. Bambancin kawai ita doka ta san da ita.

Kawu ya yi fushi da ni na 'yan kwanaki. Ya ce na zubar masa da mutunci a wurin da yake neman abinci, kuma da na gaya masa tun farko da ya san yadda zai lallaɓa manajan. Mahaifiyata ta shiga tsakani, ta aika masa da tuwo da miyar kuka irin wadda yake so, ta ce masa ɗansa ne, ya yi haƙuri. Bai ce ya huce ba, amma ya ci gaba da zuwa gidanmu ranar Juma'a kamar yadda ya saba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne direban nan. Na tsare sunansa, to amma kullum yana kan mota, mutane suna gilmawa ta gefensa da kaya a ka. Na tambayi likita ko direban da ke cikin littafina ya zo, ta ce bai zo ba. Ta ce in je in same shi, in ya ƙi barin motar, to mu sake zama, domin alkawari bai fi ran wani ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na nufi Dakata. Na ratsa tsakanin tirelolin da ke jere a bakin titi, na yi tambaya har aka nuna mini gidan. Ya fito ya shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida, ya kawo ruwa, amma bai sake fuska ba.

Na ce masa manaja ya nemi sunaye na hana, har an kore ni a kan haka. Ya ce ya ji. Na ce to ban zo in tsorata shi ba, na zo ne in gaya masa abin da nake tsoro.

"Baba, in kuka take wani a siton nan, ku ba ku gan shi ba, amma ni na sani tun kafin ya faru. Ba zan iya ɗaukar wannan ba, ku ma ba za ku iya ba."

Ya ce, "Yara bakwai gare ni. Kai in hutunka ya ƙare makaranta za ka koma."

Ban musa ba. Na ce abin da nake so shi ne shi da kansa ya je, da takardar likita a hannu, da shugaban ƙungiya a gefensa, ya nemi a canza masa wurin aiki. Wanda ya kai kansa da shaidar asibiti ya fi wanda aka kama bayan ɓarna ƙarfin magana. Na kuma gaya masa a fili cewa in mako ya zagayo yana kan motar, zan koma wurin likita mu san abin yi, kuma zan sanar da shi kafin in yi. Ya ce ashe alkawarin nawa mai iyaka ne. Na ce e, iyakarsa ran mutum, kuma laifina ne da ban faɗi haka ba tun ranar farko. Ya naɗe tabarmarsa, muka rabu ba daɗi.

Ranar Talata ya je asibiti. Likita ta auna, ta tabbatar, ta ɗora shi a kan maganin ɗigawa, ta rubuta masa takarda. Ranar Alhamis shi da shugaban ƙungiya suka shiga ofishin manaja, Kawu ya bi su ba tare da kowa ya gayyace shi ba. Kawu ne ya ba ni labari. Ya ce manaja ya fara da cewa babu gurbi, shi Kawu kuwa ya ce akwai, domin mai riƙe makullan sito ya kusa ajiye aiki, kuma ba wanda ya san siton nan kamar mutumin da ya shekara goma yana jera kaya a cikinsa. Shugaban ƙungiya ya ƙara da cewa in aka sallami wanda ya kawo kansa, to ba ma'aikacin da zai sake faɗin ciwonsa. Aka mayar da direban riƙon makullan sito. Abin da yake samu ya ragu, kuma bai taɓa ɓoye mini cewa yana ganin ni na jawo masa ba. In mun haɗu yakan amsa gaisuwata a taƙaice. Amma bai fasa zuwa karɓar magani ba, kuma shekaru da yawa bayan haka yana zuwa masallaci da ƙafarsa ba ɗan jagora.

Kafin hutu ya ƙare na je wata ma'aikatar gwamnati a Nassarawa neman wasiƙar goyon baya da za mu haɗa da takardarmu. Na yi sawu uku kafin na ga wani babban jami'i, tsohon ma'aikaci mai furfura wanda ya taɓa ɗaukar karatu a zauren mahaifina. Ya ce wasiƙa ba zai iya ba ni ba, domin maganar ta gwamnatin tarayya ce. Amma ya karɓi shafi goma sha biyun da na rubuta ya karanta yana girgiza kai. Ya ce duk wanda zan kai wa wannan ba zai wuce shafin farko ba. Ya ce in cire kukan da nake yi a kan matakin albashi da rashin girmamawa, domin kowace ƙungiya da irin wannan kukan take zuwa. In bar labarin ma'aikacin Challawa, da na manaja, da na direba, ba suna, kowanne a layi kaɗan. A ƙarƙashin kowane labari in rubuta da kaina sashen dokar da zai magance shi, da irin lafazin da ake rubuta doka, don wanda zai karanta ya tarar an rage masa aiki. Ya ɗauko wata tsohuwar doka ta wata sana'a daga kabad ya ba ni aro in ga yadda ake jera sassa. Ban taɓa samun darasi mai amfanin wannan ba a harkar, kuma bai fi rabin awa ba.

Na koma makaranta da shafi biyu. A taron ƙungiya aka yi ta gardama, wasu suna ganin na sassauta, ban nuna ɓacin ranmu ba. Na tsaya a kan nawa. Na ce abu uku nake so doka ta faɗa: wane ne ya cancanci ya auna idon mutum, wane ne zai hukunta shi in ya yi ba daidai ba, da kuma cewa abin da ya gani amana ne da ba mai tilasta shi ya bayar, sai in ran wani na cikin haɗari. Aka kaɗa ƙuri'a, aka ɗauki tsarina aka zuba labaran sauran a kai. Ina cikin mutum huɗun da aka tura Legas su bi manyanmu. Mun wuni a barandar wani ofishin gwamnati, aka ba mu minti kaɗan, wani jami'i ya karɓa ya buga hatimi ya ce za a duba.

Ba a duba da wuri ba. Gwamnati ta canza, aka sake kai takarda, ta sake canzawa, aka sake kaiwa. Na gama karatu, na yi bautar ƙasa, na dawo Kano aka ɗauke ni a asibiti da wani suna da ba na sana'ata ba, domin babu gurbinta a tsarin aiki. Duk lokacin da aka kira taro na je, a mota ko a jirgin ƙasa, kuma duk takardar da aka sake rubutawa sai na nemi a ba ni in rage mata tsawo. Sai a ƙarshen shekarun tamanin gwamnatin soja ta sa hannu a dokar, aka kafa hukumar rajista. Ba zan ce shafukana biyu ne suka kawo ta ba. Mutane da yawa da suka girme ni sun ba ta shekarun da suka fi nawa. Amma da na sami kwafinta na zauna na karanta daga farko har ƙarshe, na san inda aka sha wuya a kan kowane sashe.

Dokar ba ta sa wa kowa tabaran kariya a Challawa ba. Wannan wani aikin ne dabam, kuma da takardar rajista a hannu na fara shi. Yanzu in na je ƙofar kamfani ana buɗe mini, in na rubuta rahoto da sunana nake sa hannu. Wani kamfanin fata ya yarda ya sayo tabaran, ya raba wa masu aikin ramuka. Bayan wata ɗaya na koma na tarar da su a rataye a wuya, wasu a aljihu. Suka ce zafi ke sa su yin gumi, gilashin ya yi hazo, mutum bai ga inda zai taka ba, ga rami a gabansa. Na karɓi guda na sa, na tsaya tare da su a bakin ramin, ban yi minti goma ba na cire. Na koma wurin manajansu na ce kuskurena ne, ni na zaɓi irin da bai dace ba. Muka nemo masu ƙananan huji a gefe da iska ke shiga, na ce a fara bai wa mutum biyar su gwada na mako biyu kafin a sayo da yawa. Huɗu suka ce ya yi. Na biyar ya ce igiyar tana cin masa bayan kunne, sai muka kai wa wani baduku a kasuwar Kurmi ya naɗe ta da fata mai laushi.